Ozon da Ruwan Shan Zango

 

Sarakunanmu na Zango, Allah ya ja zamaninku. Malamanmu limamai, Allah ya gafarta muku. Iyayenmu mata, 'yan'uwa masu sana'ar ruwan leda da nake hangowa a sahun baya, da ɗalibanmu na jami'ar Tek, barkanmu da wannan zama.

An nemi in yi magana a kan ozon, iskar nan da ake tsabtace ruwa da ita. Sunanta ya fara yawa a jikin gorunan ruwa da ledojin piya wata, masu tallar na'urori kuma sun fara zagaya kwamitocin masallatai da makarantu suna cewa ga maganin matsalar ruwa ya zo. To, gara mu san abin kafin mu zuba kuɗin jama'a a kansa.

Da yawanmu mun taɓa shaƙar ozon ba mu sani ba. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da mai walda a Suame Magazine, ko ya shiga ɗan ƙaramin shago rufe inda injin fotokwafi ya wuni yana aiki, ya san wani wari mai kaifi da ke sukar hanci, mai kama da na bilic. Shi ne wannan. Iskar oksijin da muke numfashi da ita, ƙwayoyin zarrarta biyu-biyu suke tafiya a haɗe. Idan tartsatsin lantarki mai ƙarfi ya ratsa iska, kamar na walda ko na walƙiya lokacin hadari, sai ya raba waɗansu daga cikinsu, waɗanda aka raba su je su manne wa masu biyu, su zama uku-uku. Mai ukun nan ita ce ozon. Ta ukun kuwa ba ta da zama, kullum neman inda za ta faɗa take yi. In ta sami bakteriya sai ta fasa mata fata. In ta sami bairos ta lalata shi. In ta sami abin da ke sa ruwa wari ko launi ta wargaza shi. Da ta gama, abin da ya rage ya koma oksijin kamar yadda yake tun farko. Ku riƙe wannan, domin ƙarfin ozon da rauninsa duka daga nan suka fito.

Abin ba sabo ba ne. Wani masani Bajamushe mai koyarwa a Basel, Christian Friedrich Schönbein, shi ya raɗa masa suna wajen 1840. A 1857 Werner von Siemens ya ƙera bututun da ke samar da shi da lantarki, kuma har yau na'urorin da ake sayarwa a kan wannan dabara suke. A 1893 aka fara tsabtace ruwan sha da shi a Oudshoorn ta ƙasar Holan, birnin Nice na Faransa kuma ya kafa tasa matatar a 1906. Wato kafin a gina madatsar Owabi a 1928, wadda ta fara ba Kumasi ruwan famfo, ozon ya riga ya yi shekaru yana aiki a Turai. Abin da ya danne shi kulorin ne. An fara zuba kulorin a ruwan birni a Jersey City ta Amurka a 1908, bayan yaƙin duniya na farko kuma ya yi araha ƙwarai, sai kusan duniya duka ta bi shi.

Daga baya aka waiwayo. A 1974 masana suka gano cewa idan kulorin ya haɗu da ruɓaɓɓen ganye da sauran dattin da ke narke a ruwa, yana haifar da waɗansu sinadarai da ba a so su yi yawa a jikin mutum. Sannan a 1993 aka yi wata annoba a birnin Milwaukee na Amurka, inda kimanin mutum 400,000 suka kamu da gudawa daga ruwan famfo, ruwan da aka sa wa kulorin. Ƙwayar da ta jawo abin, kiriftosforidiyom, tana da wani kwanso mai tauri da kulorin ba ya iya ratsawa a gwargwadon da ake zubawa a ruwan sha. Ozon yana iya mata. Kafin shekarun 1990 su ƙare Milwaukee ta kafa injinan ozon a matatunta. Saboda haka in mai talla ya ce muku ozon ya fi kulorin ƙarfin kisa, gaskiya ya faɗa. Ya fi shi ƙarfi, ya fi shi sauri, ba ya kuma barin ɗanɗanon nan da ke sa tsofaffinmu ƙin ruwan famfo wajen haɗa shayi.

Yanzu mu dawo gida mu bi ruwanmu daga tushe. Mafi yawan ruwan famfon Kumasi daga Barekese yake zuwa, madatsar da ke kan kogin Offin, Owabi na tallafawa. A can ana zuba alam don laka ta dunƙule ta kwanta, a tace ta cikin yashi, a sa kulorin, sannan a turo. Daga nan ruwan zai yi tafiyar kilomitoci cikin bututu kafin ya iso Aboabo ko Asawase ko Sawaba. Kun san yadda bututun unguwanninmu suke. Siririn bututun roba ne, rabinsa a waje, ya ratsa ta cikin kwata, an ɗaure inda ya tsage da tsohuwar robar tayar keke. Muddin akwai ruwa da ƙarfi a ciki, waje yake tsartuwa. Ranar da aka ɗauke ruwa kuwa, bututun ya zama fanko, sai ya riƙa zuƙo abin da ke kewaye da shi. Shi ya sa ruwan farko da ke fitowa bayan an dawo da famfo yake zuwa da launi. Bayan haka ga jarkar nan rawaya da muke kira galan ɗin Kufuor, wadda ta fara rayuwarta da man girki, ba a kuma iya sa hannu a wanke cikinta. Daga jarka sai duro ko randa a tsakar gida, inda ruwan zai kwana biyu ko uku.

Ku tsaya ku dubi wannan duron da idon basira. Murfinsa faranti ne ko guntun katako. Moɗar tana kife a kan murfin in an yi sa'a, in ba a yi ba tana ƙasa inda yaro ya yar da ita. Yaron ya dawo daga bayan gida, ƙishi ya kama shi, ruwan ya yi ƙasa, sai ya zura hannu har gwiwar hannu don moɗar ta kai. Gidan haya ne mai ɗaki goma sha, kowa da nasa yaran. Duk wani aikin da aka yi a Barekese, a nan ake yanke masa hukunci.

A nan ne ozon ya gaza. A cikin ruwa mai tsabta, a sanyin digiri 20, rabinsa kan ɓace cikin kimanin minti 20. A zafin Kumasi ya fi haka saurin tafiya. Bayan awa ɗaya ko biyu babu sauransa. Kulorin kuwa yana zama a cikin ruwan, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a tabbata akwai aƙalla miligiram 0.2 a kowace lita a inda ruwan ya isa hannun mai sha. Ozon kamar 'yan tauri ne da aka gayyato unguwa: sun zo da kuwwa, sun fatattaki ɓarayi, kafin magariba sun koma garinsu. Kulorin shi ne tsohon maigadin nan mai tocila, ba shi da ƙarfinsu, amma a bakin ƙofa yake kwana. Ko biranen Turai da Amurka da suka kashe maƙudan kuɗi a kan ozon, mafi yawansu sai sun ƙara ɗan kulorin kafin ruwan ya shiga bututu. To ina ga mu da bututunmu ke iyo a kwata?

Akwai ma wani abu da masu talla ba sa faɗa, wataƙila su ma ba a faɗa musu ba. Idan ozon ya farfasa manyan dattin da ke narke a ruwa, ƙananan guntayen da suka rage abinci ne mai sauƙin ci ga bakteriya. Ruwan da aka yi wa ozon aka ajiye shi a buɗe ba tare da an tace shi ta gawayi ba, yana iya zama wurin kiwon ƙwayoyin da suka shigo daga baya.

Ke nan ina ozon yake da amfani a wajenmu? Inda za a rufe ruwan nan take bayan an yi masa. Gora da leda ke nan. Ku masu wannan sana'a, maganar taku ce, kuma nauyin da ke wuyanku ba ƙarami ba ne. Manyanmu suna tuna lokacin da ake sayar da ruwan ƙanƙara a tasha da kofi ɗaya, kowa ya sha ya miƙa. Daga nan aka koma ledar da ake hurawa da baki a ƙulle da hannu. Ledar inji mai rabin lita da ta zo daga baya ci gaba ce ta gaske, kuma yau gidaje da yawa a Zango ba su da wani ruwan sha sai ita. Da ita ake haɗa wa jariri madara, da ita majiyyaci ke haɗiyar magani a asibitin Komfo Anokye.

Yadda aikin ya kamata ya tafi shi ne, ruwa ya fito daga rijiyar burtsatse, ya bi ta yashi, ya bi ta gawayi, ya bi ta ƙananan matatai, in akwai hali ya bi ta injin da kuke kira RO, sannan ozon ya zo kusa da ƙarshe. Ana shigar da shi ta wani ɗan bututu mai matsattsen wuya, wanda gudun ruwa ke sa ya zuƙi iskar ya gauraya ta. Daga nan ruwan ya zauna a tanki na ɗan lokaci don iskar ta yi aikinta. Tsohon ma'aunin da Faransawa suka kafa shi ne miligiram 0.4 a lita na tsawon minti 4. Ɗan abin da ya rage a ruwan lokacin cikawa shi ke wanke cikin gorar ko ledar da kansa, sannan ya koma oksijin bayan an rufe. Wannan dabara ce mai kyau, ba ni da wata suka a kanta.

Sukata tana kan yadda ake riƙon injin. Na taɓa shiga wata masana'antar ruwa, ba zan faɗi unguwar ba. Mai wurin mutumin kirki ne, ya ja ni da murna ya nuna mini akwatin ozon a jikin bango, koriyar fitila tana ci, fanka tana juyawa. Muka ɗebi ruwa daga tankin muka ɗiga maganin gwaji, wanda ya kamata ya koma ruwan hoda in akwai ozon. Ruwa ya tsaya fari fat. Da muka buɗe akwatin, sai ga ƙwayoyin da ke busar da iska sun jiƙe sun canza launi, bakin bututun ya yi tsatsa, siririn tiyon da ke kai iskar ya farfashe don na roba ne baƙa, ozon kuwa cin irin wannan roba yake yi. Fitilar tana shaida cewa akwai lantarki ne kawai. Allah kaɗai ya san tsawon lokacin da aka ɗauka ana buga wa ledoji sunan ozon alhali ba ya zuwa.

Laifin iskar garinmu ne haɗe da rashin sani. Injin ozon busasshiyar iska yake so, Kumasi kuwa garin laima ne, ban da 'yan makonnin hunturu. Idan iska mai laima ta shiga inda tartsatsin ke tashi, ozon da ake samu yana raguwa sosai, sannan a sami ruwan asid mai cin ƙarfen injin daga ciki. Dole a riƙa kula da abin busar da iskar, ko a sayi injin da ke tace oksijin zalla ya ba shi. Ga kuma zafi, domin mafi yawan wutar da injin ke ci zafi take komawa, in bai sami sanyaya ba ozon ɗin a cikinsa zai lalace tun bai fito ba. Sannan ba a iya sayo ozon a tulu a ajiye kamar gas ɗin girki. A wurin ake yin sa, a lokacin da ake bukata. Mu da muka ga yawan ɗauke wutar nan da ake kira dumso a wajajen 2015 mun san ma'anar wannan: wuta ta tafi, ozon ya tafi. In janareton yana ɗaukar injin cika leda amma ba a haɗa shi da akwatin ozon ba, ruwan wannan ranar sai dai a yi masa addu'a.

Ɗalibai za su tambaye ni maganar buromet, gara in riga su. Waɗansu ruwaye suna ɗauke da wani gishiri da ake kira buromaid, wanda shi kansa ba ya cutarwa a ɗan abin da ake samu. Amma in ozon ya yi yawa a kansa sai ya mayar da shi buromet, ɗan'uwan sinadarin nan da aka hana masu gidan burodi sa wa a fulawa, wanda ake zargi da haddasa ciwon daji. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ita ce maikirogiram 10 a lita. Wannan ya taɓa kayar da babban kamfani: a 2004 Coca-Cola ta janye kimanin gora 500,000 na ruwanta mai suna Dasani daga kasuwannin Birtaniya saboda buromet ya haura iyaka. Matsalar ta fi yawa a rijiyoyin bakin teku, irin na Ankara da Tema, inda ruwan gishiri ke kutsawa ƙarƙashin ƙasa. Mu muna nesa da teku, amma gwaji ne ke tabbatarwa. Wanda ke murɗa injinsa har ƙarshe don yana ganin yawan ozon shi ne yawan tsabta, ya sake tunani.

Sai abin da ozon ba ya taɓawa sam. Galamse, wato haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, ya mayar da Offin da Pra da Birim ruwan kunu. A 2024 kamfanin ruwa na ƙasa ya fito ya ce laka a kogin Pra ta fi ƙarfin matatar Sekyere Hemang da ke ba Cape Coast ruwa. Ruwa mai laka cinye ozon yake yi kafin ya kai ga ƙwayar cuta, don haka tacewa ce farko, ko yaushe. Makuri da masu haƙar zinariya ke amfani da shi, da dalma, ozon ba ya fitar da su. Ƙarfe ne, ba rai gare su ba balle a kashe. Haka naitiret, wanda ke tsiyayowa daga masai zuwa rijiya, kuma kun san yadda rijiya da masai suke maƙwabtaka a gidajenmu saboda ƙarancin fili. Iyakarsa miligiram 50 a lita, ya fi kuma yi wa jarirai illa. Ozon ba ya rage shi, tafasawa ma ƙara masa kauri take yi. Inda ozon ke taimakawa shi ne rijiyar da ruwanta ke ƙarnin ƙarfe yana ɓata fararen kaya: yana sa ƙarfen ya fito fili ya zama gari ja, amma sai an sa matata a gaba ta kama garin.

Allah ya gafarta malamai, a nan ina neman taimakonku. Tun muna yara a makarantar allo aka karantar da mu a Ahalari da Ishmawi cewa ana duba ruwa ta launinsa da ɗanɗanonsa da ƙanshinsa. Wannan hukuncin tsarki ne, don alwala da wanka, kuma yana nan daram. Sai dai mutane da yawa sun ɗauke shi sun kai shi kan sha, suna ganin duk ruwan da ya halatta a yi alwala da shi lafiya lau ne a ba yaro. Ƙwayar kwalara da ta taifod ba sa canza ko ɗaya daga cikin ukun nan. A 2014 kwalara ta kama sama da mutum 28,000 a ƙasar nan, ta kashe fiye da 200, yawancinsu a Ankara, a unguwanni masu cunkoso irin namu. Jumla biyu daga bakin liman ranar Juma'a a kan wannan bambanci sun fi lacca goma irin tawa isa cikin gidaje.

Kada kuma tsadar na'ura ta ruɗe mu. Kakanninmu fatake da suka bi hanyar goro ta Salaga sun san kurkunu, ciwon da ke kwantar da ƙato wata da watanni. Ghana ta ga mai kurkunu na ƙarshe a 2010, aka ba ta shaidar rabuwa da shi a 2015. Da ƙyallen tace ruwa aka yi wannan yaƙi, da rijiyoyin burtsatse, da mutanen ƙauye masu bi gida-gida.

Game da 'yan ƙananan injinan da ake tallatawa don gida, masu tiyo da ɗan dutse a baki da ake jefawa a bokiti yana kumfa, ra'ayina shi ne ku riƙe kuɗinku. Mafi yawan iskar fitowa take yi ta saman ruwan ta cika ɗaki, ba kuma wanda ke auna abin da ya narke. Ozon da ke can sama yana kare mu daga zafin hasken rana alheri ne, amma a cikin huhu guba ne. Yana sa tari da ciwon ƙirji, yana tayar da asma. A Amurka iyakar da aka sa wa ma'aikaci ita ce kashi 0.1 cikin miliyan a wunin aiki na awa 8. Wannan ya shafe ku ma masu masana'anta: in yaranku na aiki suna jin warin nan da ƙarfi suna tari, akwai inda yake zuba, a kashe inji a buɗe tagogi. Wanda kuma ya ce muku shan ruwan ozon na warkar da ciwon suga ko hawan jini, ku rabu da shi. Don duron gida, ƙwayar kulorin irin Aquatabs ta wadatar: a bi umarnin da ke jikin takardarta, a jira minti 30, a sami mazubi mai ƙaramin baki ko mai famfo a gindi yadda hannu ba zai shiga ba.

Iyayenmu mata masu talla a kan faranti, ko ruwan cikin leda ya fi kowane tsabta, bayanta muke sa wa a baki mu yage da haƙori. Ledar ta kwana a ƙasan shago, ta hau bayan babur ɗin ɗaukar kaya, wato aboboya, ta yi iyo a narkakkiyar ƙanƙara tare da hannun da ke karɓar kuɗi. A ɗauraye ta kafin a zuba a kula, a riƙa kuma canza ruwan kular.

Kwamitin masallaci ko makaranta da ke da rijiyar burtsatse da tanki a sama, in mai sayar da injin ozon ya zo muku, kada ku fara da tambayar farashi. Ku fara kai ruwanku ɗakin gwaji, na kamfanin ruwa ko na jami'ar Tek ko na Hukumar Ma'aunai ta Ƙasa, a duba ƙwayoyin cuta da naitiret da ƙarfe. Sau da yawa za ku tarar abin da kuke bukata shi ne wanke tankin da ya shekara ba a leƙa cikinsa ba, da gyara murfinsa. In har sakamakon ya nuna ozon zai yi amfani, ku tambayi mai sayarwa giram nawa injin ke bayarwa a awa, da me yake busar da iskarsa, wa zai gyara shi a nan Kumasi in ya tsaya, a ina kuma ake samun kayansa. Ku ce ya haɗa muku da abin gwaji, ya gwada a gabanku a bakin famfon da jama'a za su ɗiba. Ku kuma ajiye mutum ɗaya da littafi, ya riƙa rubuta abin da gwajin ya nuna kowace safiya. Masu ruwan leda, lambar rajistar FDA da ke jikin ledarku shaida ce ta ranar da aka zo dubawa, littafin nan shi ne shaidar sauran ranakun.

Na ga hannuwa sun fara tashi daga ɓangaren mata. Shugaban zama, in ka ba da izini, daga can za mu fara.